Littattafan da Na Karanta da Kunne

'Yan'uwana na zauren karatu, sallama irin ta wadda ta daɗe ba ta leƙo ba. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa wai Hajara fushi ta yi tun ranar da aka ƙi goyon bayanta a musun nan na bara. Ban yi fushi ba, ido ne ya kwantar da ni. Wannan rubutun ma da haruffa manya-manya nake yin sa a waya, ina yi ina hutawa. Kun saba duk wata in zo in zazzage muku ra'ayina a kan abin da na karanta, na yabo in yaba, na kushewa in kushe. To ga na wannan karon, haɗe da labarin jinyata, don ba su rabuwa.

Ga sababbin shiga, a Magajiya nake zaune cikin Suleja, ina aikin sakatariya a Abuja. Duk mai bin hanyar nan ya san cunkoson Madalla safe da yamma. Wasu barci suke yi, wasu faɗa da kwandasta, ni kuwa nan ce makarantata. Shekara da shekaru a kujerar taga nake cinye littattafai, har direbobi sun san in na zauna ba a yi mini hira.

Da rubutu ya fara yi mini dishi-dishi ban je ko'ina ba, don maganin har taga yake zuwa. Kun san masu tallan tabarau a gosulo, da allonsu a hannu. Akwai wani mai hular saƙa da ya gane ni, yana hango ni zai taho.

“Hajiya mai littafi, gwada wannan, zai kiliya.”

In saka, in duba layin da nake kai, ya fito raɗau. In miƙa kuɗi mota na tafiya, yana bin mu da gudu da canji. Fasinjoji har shawara suke ba ni, wai wancan ya fi yi mini kyau. Bayan 'yan watanni in ya daina yi, in ce a ba ni na gaba da shi. Rabin ofishinmu haka suke yi, ban taɓa kawo komai a raina ba. In ido ya yi ja kuwa, in biya kemis a ba ni ɗigo, kafin gobe ya washe.

Akwai abubuwan da ban taɓa haɗa su da ido ba. Kafaɗata ta hagu kullum sai ta bugi ƙofa. Ciwon kai da yamma, na ce yunwa ce da hayaƙin mota. Sai ranar da mai acaɓa ya kusa kwashe ni a bakin kasuwa, na wanke shi tas, na ce daga ina ya ɓullo kamar aljani. Mutane suka ce, “Haba Hajiya, ai tun daga can yake gefenki yana miki hon.” Na koma gida ina ta masifa. Maigidana, Baban Nana, ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, “Hajara, gobe ba ofis. Asibiti za mu.”

Littafin da ke jakata a lokacin na soyayya ne, wani ƙato mai kashi uku, na gidan wani attajiri. Ba zan ci haƙƙin marubuciyar ba, ta iya hira. In mata biyu suna magana a littafinta sai ka ji kamar kana tsakar gidan. Amma jama'a, shafi nawa za a ɓata wajen bayanin leshi da launin mota? Kuma duk wanda ya yi ciwo a ciki, jirgi ake sa shi, a shafi na gaba ya dawo garas yana raba tsaraba. Shi ne na ƙarshe da na karanta a mota, kuma har yau ina jin haushin cewa a kansa na ƙarar da wannan damar.

Asibitin ido ba sai na ba ku labarin layi ba. Mun je da sassafe muka tarar benci ya cika, tsofaffi da sanduna, iyaye da yara. Aka yanka kati, aka tura mu ɗaki kaza, daga can aka ce mu koma inda muka fito. Rana ta take kafin in ga likita, wata matashiya mai sanyin murya. Ta hura mini wata iska a ido da na'ura, ta leƙa, ta sake leƙawa. Sai ta ce, “Hajiya, rufe idon dama da tafin hannunki. Me kike gani?”

Na rufe. Wallahi ɗakin ya ɓace. Ba likita, ba Baban Nana, sai wani ɗan haske can a gefe kamar fitilar da batirinta ya mutu. Ashe da ido ɗaya nake yawo ban sani ba, don tun da nake ban taɓa rufe ɗaya in gwada ɗayan ba.

“Hawan jinin ido ne, gilakoma,” in ji ta. “Abin da ya tafi ba ya dawowa. Aikinmu shi ne mu tsare abin da ya rage, kuma na daman ma ya fara ci daga gefe.”

Na zazzage mata tabarau ɗina daga jaka. Ta juya su a hannu ta ce ba su suka kawo ciwon ba, amma su suka hana ni zuwa da wuri, tun da duk lokacin da ido ya yi ƙorafi sai in toshe masa baki da sabo. Da ta ga ɗigon kemis ɗin kuwa sai da ta girgiza kai, ta ce irin wannan ƙara hawan yake yi, kada in sake. Ta tambaya ko akwai wanda ya makance a danginmu. Na ce mahaifina, amma tsufa ne. Ta ce da wuya in tsufa ne kawai. Na tambaye ta abin da ya fi damuna, ko karatu ne ya jawo. Ta ce ko kusa. Na ce to zan ci gaba da karantawa? Ta ce, “Abin da muke nema ke nan. Mu ga yadda ɗigo zai yi.”

Makonnin farko na ɗigo ne, kala-kala, kowanne da lokacinsa. Ɗaya sai a sanyi ake ajiye shi, ga wutarmu kun san halinta. Baban Nana ya ware kular abinci guda, kullum ya sayo ƙanƙara wurin maƙwabciyarmu ya jera a ciki. Tsada kuwa ba a magana, albashi yana shigowa yake zarcewa kemis. Ɗigon yana da zafi, yana sa gani ya yi hazo, in na buɗe littafi layi ya riƙa ɓace mini, kai ya ɗauki sara. Dole na ajiye, na kuma karɓi hutu a ofis.

Nan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta tare a gidanmu da buhun shawara. Abu na farko da ta yi, ta kwashe littattafaina kaf ta cusa a jakar buhu ta tura ƙarƙashin gado.

“Karatun nan ne ya cinye miki ido, tun kina yarinya nake faɗa.”

“Gwaggo, likita ta ce ba shi ba ne.”

“Likitar nawa take? Na haife ta.”

Ta kawo kwalli, ta kawo zuma a ɗiga. Wata rana ta ce akwai mai cire yanar ido da ke zuwa ranar kasuwa, allura ɗaya yake sawa mutum ya tashi yana gani. Na buɗe baki zan yi abin da na saba, Baban Nana ya riga ni. Ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, a yi mana haƙuri mu ga ƙarshen na asibiti tukuna. Ido ɗaya ne ya rage, ba na gwaji ba ne.” Ta yi ƙwafa ta shiga kicin. Amma ita ɗin dai ce ke dama mini kunu, ita ke tuna mini lokacin ɗigo ko agogo ba ta dubawa.

Zaman banza ya kusa haukata ni. Ban iya barcin rana ba, rediyo ta ishe ni, na koma neman kowa da faɗa. Baban Nana tayil da fenti yake sayarwa a Madalla, kuma tun da na aure shi ra'ayinsa a kan littattafan hikaya ɗaya ne, wai ƙarya ce aka yi wa bango. Ran nan ya dawo da la'asar ya same ni ina kuka a kan tabarma ba dalili. Sai ya jawo jakar Gwaggo daga ƙarƙashin gado, ya yi ta tonawa har ya zaɓo wanda ya ce shi dai gaskiya ne, wani littafin tarihin ƙasar nan tamu ta Suleja da yadda aka yanki Abuja daga jikinta. Ya zauna ya fara karanta mini.

Kai, karatun Baban Nana! Kalma-kalma yake ɗauka kamar mai jera tayil, in ya yi tuntuɓe ya koma farkon layi. Ni da nake haɗiye shafi kafin mota ta motsa, na ji kamar in fizge. Na danne. Ra'ayina a kan littafin shi ne, mai shi ya yi bincike, ba a musu, amma ya cika shi da sunayen manya da shekaru da kwamitoci, ba mace ko ɗaya mai sayar da tumatir. Babi ɗaya ne ya taɓa ni, inda ya rubuta yadda mutanen wani ƙauye da aka tasa suka riƙa komawa a ɓoye suna share kaburburan iyayensu. Da duk littafin haka yake da na ce kowa ya nema. Gwaggo da ta ce ba ruwanta, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa tana gyara wa marubucin zance. “Ƙarya yake, kasuwar ba nan take ba a lokacin.”

Wata a cikinku, ba zan kama suna ba don na san da alheri ta yi, ta aiko mini da littafin nan na ƙarfafa gwiwa mai cewa ciwo daga mummunan tunani yake zuwa, in ka gyara zuciya jiki zai bi. Na gode 'yar'uwa, amma ban kai rabi ba na ce a rufe. Wanda ya rubuta shi bai taɓa zama a bencin asibiti ba. Wato ni na jawo wa kaina ke nan, da mahaifina ma? Kada ku kai wa mara lafiya irin wannan, ku kai masa lemo.

Wajen wata biyu muna zarya. Na hagu an bar maganarsa. Na dama kuwa hawan ya ƙi sauka yadda ake so, duk zuwa sai likita ta duba ta tsuke baki. Ranar da aka ɓatar da fayil ɗina muka wuni a benci, sai da yamma aka gano shi, a ranar likita ta ce sai tiyata. Idon da ya rage mini shi kaɗai za a sa wa wuƙa. Ta gaya mini gaskiya, aikin ba zai ƙara mini gani ba, tsayar da ɓarnar zai yi, kuma kowane aiki yana da haɗarinsa. In an bari kuwa, a hankali zai bi ɗan'uwansa. Na ce a ba ni lokaci in yi tunani. Gwaggo ta ce kada in yarda. Baban Nana ya ce idona ne, duk abin da na zaɓa yana bayana.

A wannan makon muke karanta wani ɗan siririn littafi da na saya tuntuni na yasar, labarin rayuwar wata tsohuwar ungozoma da jikarta ta rubuta daga bakinta. Bangonsa ba kyau, ga kurakuran ɗab'i birjik. Amma a duk abin da na ji bana, shi ne na ɗaya. Matar ba ta yabon kanta. Ta faɗi waɗanda ta karɓa lafiya, ta faɗi waɗanda suka mutu a hannunta, kuma yawancinsu jinkiri ne, ana ta shawara a tsakar gida har lokaci ya wuce. Ba ta zagi kowa ba, ta dai ce tsoro ne ke sa mutane jira. Baban Nana yana kai nan na ce ya dakata. Na ce, “Gobe ka kai ni in sa hannu.”

An yi aikin, alhamdu lillahi. Nas ɗin da ta daka mini tsawa don na taɓa bandeji, na yafe mata, don ita ce kuma ta riƙe mini hannu a ƙofar tiyata. Bayan aiki aka kafa mini dokoki, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba ruwa a ido. Salla a zaune nake yi da ishara, kuma rashin kai goshi ƙasa ya dame ni fiye da yadda na zata. Gwaggo, da tsufanta, ita ke durƙusawa ta wanke mini ƙafa in zan yi alwala, tana yi tana mita wai ga abin da taurin kai ke jawowa. Allah ya saka mata da Aljanna. Masu zuwa dubiya kuwa, wasu sun sanyaya mini rai, wasu sun zauna sun lissafa mini duk wanda suka sani da aka yi wa aiki ya makance. Da aka cire bandeji gani ya fi na da muni, komai kamar a cikin ruwan wanki. Likita ta ce haka yake yi, in ba shi makonni. Ban yarda da ita ba sosai.

A waɗannan makonnin muka shiga littafin hikaya na wani direban babbar mota mai ɗaukar doya zuwa kudu, yana neman ƙaninsa da ya bi hanya bai dawo ba. Ni na zaɓe shi, don in ga yadda mai cewa ƙarya ce zai yi. Farkonsa yana da ja, kuma matan ciki duk masu sayar da abinci ne a tasha, ba wadda aka ba zuciya. Amma marubucin ya san hanya, ya san yadda namiji ke ɓoye tsoro da surutu. Ba mu yi nisa ba sai ga Baban Nana yana rufe shago tun kafin la'asar. Yana karatu yana faɗa da direban.

“Wannan ba shi da hankali! Wa ke lodi ya kama hanya bai duba taya ba?”

“Af, ba ƙarya ce aka yi wa bango ba?”

“Ƙarya ce mana. Yi shiru mu ji.”

Kafin in ƙarasa, ga roƙona. Yanzun nan da kuke karanta wannan, ku rufe ido ɗaya da hannu ku dubi ɗaki, sannan ku rufe ɗayan. Ko kun ga lafiya, ku je a auna muku, musamman in akwai wanda ya makance a gidanku, don ciwon nan ba ya zafi sai ya gama ɓarna. Ƙannena duk na tasa su gaba sun je, an kuma kama shi da wuri a idon ɗaya daga cikinsu. Tabarau kuma a asibiti ake yanka shi, ba a tagar mota ba.

Hazon ya riƙa janyewa kaɗan-kaɗan. Ranar da muka koma, likita ta auna ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce hawan ya sauka, abin da ya rage an tsare shi, sai dai ɗigo da zuwa awo sun zama na har abada. Aka yanka mini tabarau. Na tambaye ta karatu, ta ce in gwada a haske mai kyau, in na gaji in bari.

Da muka dawo gida Baban Nana ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗauko littafin direban ya ɗora mini a cinya. Babin ƙarshe ne ya rage, kwana biyu yana ce mini makogwaronsa na ciwo, ashe ajiye mini shi ya yi.

“Yau ke za ki karanta mini,” in ji shi.

Na buɗe. Rubutu ya fito, baƙi a kan fari, amma kamar ta bakin bututu nake leƙensa, kalma uku ko huɗu kawai nake gani a lokaci guda. Na sa yatsa a ƙarƙashin layi ina bi. In na kai ƙarshe sai in ɓata, in koma in lalubo farkon na gaba. Karatuna ya fi na Baban Nana nawa, kuma bai gyara mini ko sau ɗaya ba. Gwaggo ta bar abin da take yi ta tsaya. Ido ya yi ruwa, na share, na ci gaba. Direban bai sami ƙaninsa ba, ya dai sami wanda ya yi wa ƙanin sutura a wani gari, ya zauna suka ci abinci tare. Ƙarshen ya yi, marubucin bai yi mana ƙarya ba. Ana kiran magariba na kai kalmar ƙarshe da idona.

Na ɗago in ga fuskarsa, ban ga kowa ba, sai bango da randa. Na ce, “Baban Nana? Tashi ka yi?”

“Ga ni nan, Hajara,” ya ce, dab da kunnena.

A hagu yake zaune, kafaɗarsa kusa da tawa. Sai da na juya kaina gaba ɗaya na gan shi, idonsa ya yi ja. Ya miƙe ya zagayo ta bayana ya zauna a dama.